Jar tuta da na raina a Muizenberg

Wannan makon na ajiye aiki a shagon da na shekara huɗu ina koyar da hawa igiyar ruwa a bakin tekun Muizenberg, a Cape Town. Abokan aiki sun ce in bar wa sababbi ɗan rubutu, to ga shi.

Duk kun san tutocin Shark Spotters, masu zama a kan dutse tun 2004 suna duba mana teku da madubin hangen nesa don hango kifin shak. Ni ma na san su kamar yunwar cikina, amma sanin bai hana ni yin wauta ba. Wata Asabar ce a Disamba, gaɓa cike da 'yan hutu, jar tuta na sama, wato an ga kifin shak ba da jimawa ba. Yara shida ke jirana, iyayensu sun riga sun biya. Na ce wa oga mu ɗan jinkirta. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce ja ai ba fara ba ce, farar tuta ce ke nufin kowa ya fita daga ruwa, in shigar da su.

Na shigar da su. Har na hango tsuntsaye suna ta faɗawa ruwa can bayan igiyoyi, alamar garken ƙananan kifaye, na kau da kai. Ba mu jima ba jiniya ta tashi, aka ɗaga farar tuta. Biyar suka fita da kansu. Ta shidan, 'yar shekara goma, ta ƙanƙame allonta na hawa igiya, jiki na ɓari, ta kasa ko motsi. Haka na ja ta da allon har gaɓa ina salati. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Amma a gabana oga ya shaida wa mahaifinta cewa ni na yanke shawarar shiga, ni kuma na yi shiru don ina tsoron rasa abincina. Shirun nan har yau yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Sauran kun sani: baƙar tuta na nufin mai dubawa ba ya ganin cikin ruwan sosai, kada ku ɗauke ta a matsayin izini. Ku guji asuba da magariba, da inda masunta ke jan taru, kada kuma kowa ya shiga shi kaɗai.

Tun daga ranar ban sake kai ɗan kowa ruwa da jar tuta a sama ba. Sau uku aka yanke mini kuɗin yini a kan haka, kuma ko sau ɗaya ban je roƙo ba.