Godiya bayan fitowar tallafin bincike

Alhamdulillahi, takarda ta iso, an amince da tallafin binciken da na nema a matsayina na likitar tsofaffi. Kun san faman da aka sha, ba sai na maimaita ba, kuma gaskiya ƙarfin maimaitawar ma babu.

Masu tambayar nawa ne kuɗin, ku yi haƙuri, ni lokacin yin bincike da aka ba ni shi ne babban rabo. Likitan da ke duba marasa lafiya tun safe, ga aikin kwana, yaushe zai zauna ya yi bincike? Irin wannan tallafi yakan biya wani kaso na albashi don asibiti ya sake ka wasu ranaku, a kuma haɗa ka da babban malami mai yi maka jagora. Rashinsa ne ke sa likitoci matasa masu basira su haƙura da bincike tun ba a je ko'ina ba.

Aikina a kan tsofaffin da ke shan magani iri biyar ko fiye ne. Ƙoda da hanta sun rage ƙarfi, sai maganin da matashi zai sha lafiya ya taru a jikin dattijo, ya kawo jiri, faɗuwa, karayar ƙugu, ko ruɗewar da iyali ke ɗauka gigin tsufa ne. Tun 1991 Dakta Mark Beers na Amurka ya fitar da jerin magungunan da ake hattara da su ga tsofaffi, amma har gobe gwaje-gwajen magani da yawa ba sa ɗaukar masu yawan shekaru. Ga Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa masu shekara 60 zuwa sama za su kai biliyan 2.1 a 2050. Wa zai duba su?

Daren ƙarshe na miƙa takardu ni ke da aikin kwana, ɗakin marasa lafiya cike, ban gama rubutun neman tallafin ba. Na tsaya a bakin ƙofa hannuna na rawa, na riga na fid da rai. Sai ga abokin aikina ya taso daga gida, ba wanda ya kira shi. Ya karɓi wayar kiran gaggawa daga hannuna ya ce, "Je ki ƙarasa, yau ɗakin nawa ne." Ya hana ni faɗa, to yau na faɗa. Yayana, Allah Ya tsaya maka ranar da babu mai tsayawa wani.

Farfesa, wadda ta bi rubutuna da jan biro layi-layi bayan an dawo da shi, Allah Ya ƙara girma. Abban yara, Allah Ya saka da Aljanna. 'Yan uwan da suka ce likitan tsofaffi ba ya tara abin duniya, suka kuma yi shiru lokacin da abu ya yi tsanani, na ji ciwo, amma na yafe.

Dattawan da suka yarda su shiga binciken, Allah Ya ba ku lafiya mai ɗorewa, Ya sa ku gama lafiya, Ya ba ni ikon riƙe amanarku. Amin.