Godiyata ga waɗanda suka riƙe ni daga Funtuwa har zuwa Samaru

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya nuna mini ranar da majalisar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta amince da sakamakonmu, ya tabbata na kammala digirin farko a fannin injiniyancin gine-gine da hanyoyi. Tun daga ranar da labarin ya fita saƙonnin taya murna ba su daina shigowa ba, har na ga ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na zaɓi in rubuta wannan a fili domin duk mai haƙƙin godiya a kaina ya ji da kunnensa.

Yawancin masu taya ni murna Samaru, inda babbar harabar jami'ar take, suke ambata, amma ni daga Funtuwa zan fara, domin can ne ɓangaren labarin da ire-irena suka saba ɓoyewa. Ban shiga jami'a kai tsaye ba. Sau biyu na zauna jarrabawar JAMB bayan gama sakandare, sau biyun kuma makina bai kai inda ake ɗaukar mai son karatun injiniya ba. Na daɗe ina ɗora laifin a kan rashin sa'a da rashin wanda zai tsaya mini, alhali gaskiyar ita ce na fito daga makarantar da na shekara uku a ajin kimiyya ban taɓa riƙe kayan gwaji da hannuna ba, kuma lissafin da nake taƙama da shi hadda ce kawai ta amsoshin tambayoyin shekarun baya.

Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya ƙare rayuwar aikinsa yana koyarwa a firamare, shi ne ya zo gida takanas ya kawo maganar makarantar share fagen shiga jami'a da ABU take da ita a Funtuwa, cikin Jihar Katsina. Ya bayyana mana cewa hanya biyu ce a can: akwai IJMB, wadda in mutum ya ci da kyau yake neman gurbi a aji biyu, akwai kuma rimediyal ta shekara guda, wadda ake sake gina wa ɗalibi Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri, ya sake zana JAMB a cikin shekarar, in ya dace ya fara daga aji ɗaya. Ni IJMB na so, saboda ina ganin za ta mayar mini da shekarar da na rasa, kuma saboda a unguwarmu ana kiran rimediyal makarantar waɗanda suka faɗi. Kawu ya saurare ni har na gama, sannan ya ɗauki takarda ya rubuta tambayar lissafi guda ɗaya mai ɗauke da ɓangarorin lamba, ya miƙo mini. Na yi minti goma ina juya biro. Bai ce komai ba sai, "To, ɗana, rimediyal ɗin za ka." Da kuɗin fanshonsa aka sayi fom, shi ne kuma ya raka ni har ƙofar makaranta da katifata a naɗe. Kawu, Allah ya saka maka da mafificin alheri, ya sa 'ya'yanka su yi maka abin da ya fi wannan.

Ga malamanmu na Funtuwa, musamman Malamin lissafi, ban san da wane baki zan gode ba. Bayan gwajin farko da na sha kaye a cikinsa ya kira ni ofis, na tafi ina jiran faɗa, sai na tarar ya bi takardata layi-layi da jan biro ya zagaye wuri ɗaya da nake ta maimaita kuskure: duk inda alamar ragi ta zo a gaban baka, sai in buɗe bakan in bar alamomin ciki yadda suke. Ya ce mini ba kwanya na rasa ba, rami ne aka bar mini tun ƙaramar sakandare, kuma duk abin da aka ɗora a kai cikinsa yake zurarewa. Daga ranar ya ɗora mini tambaya ashirin kowace yamma, in kawo masa da safe kafin shiga aji, ya yi wata uku yana duba su ba tare da ya karɓi ko sisin kwabo ba. A Funtuwa ne kuma na fara ɗaure ƙwallon ƙarfe a zare in lilo shi, in ƙirga lilo ashirin da agogo a hannu, in yi lissafi da kaina in ga amsar ta faɗo kusa da 9.8 ɗin da na shekara ina haddacewa a matsayin ƙarfin jan ƙasa ban san daga inda aka samo ta ba. Har yau ina tuna yadda na sake gwajin sau uku don na ɗauka dace ne.

Ba zan yaudari ƙannena masu karanta wannan ba, share fage ba alkawarin samun gurbi ba ne. Cikin waɗanda muka kwana ɗaki ɗaya muna karatu da fitilar waya, akwai wanda ya so injiniyanci aka ba shi wani fanni, akwai wanda ya koma gida ya kama kasuwa, kuma ba don na fi su ƙoƙari ba. Amma a ganina, wanda ya fito daga makaranta irin tawa ya faɗa aji ɗaya kai tsaye, ya fi shiga haɗari a kan wanda ya yi haƙurin shekara guda. Lokacin da muka kai aji biyu aka fara kalkulas mai zurfi da darasin ƙarfin kayan gini, inda ake lissafa yadda nauyi yake lanƙwasa bim, wato gungumen kankare da ke kwance a kan ginshiƙai, da yadda yake neman yanke shi a kusa da ginshiƙi, sai na gane cewa tambayoyi ashirin ɗin nan na kowace yamma su ne suke ciyar da ni.

Iyayena kuwa, tasu godiyar ba ta rubutuwa. Baba birkila ne, ya fi shekara talatin yana ɗora bulo, bai taɓa zama a ajin boko ba. Tun ina yaro nake ganin in tifa ta sauke yashi a wurin aiki, kafin ya bari a taɓa, sai ya ɗebi kaɗan ya zuba a kwalba, ya cika da ruwa, ya girgiza, ya ajiye a inuwa. In ya dawo ya ga laka ta kwanta da kauri a saman yashin, sai ya ce wa mai gini a sauya, domin wannan yashin zai cinye siminti ya bar bango yana marmashewa. Ina aji uku aka koya mana wannan gwajin a ɗakin gwaje-gwaje, da kwalbar gilashi mai ma'auni da ɗan gishiri a cikin ruwan, aka kuma faɗa mana dalili: laka tana lulluɓe ƙwayar yashi ta hana siminti kama ta, sannan tana sa kwaɓin ya nemi ruwa fiye da kima. Da na zo hutu na ba shi labari cike da zumuɗi, ya yi murmushi ya ce, "Wato kuɗin makarantar da nake biya, kwalbata aka sayar maka?" Baba, Allah ya ƙara girma, ya ba ni ikon sauke maka cokalin ginin nan ka huta. Inna kuma, wadda kwasar adashinta uku a jere suka tafi a kan rajistata, wadda ba ta taɓa bari na koma makaranta babu ƙullin ƙuli-ƙuli da yaji da garin kwaki ba, wadda ta sayar da tunkiyarta ranar da aka ce sai da allon zane da kwamfuta, Allah ya sa Aljanna ce makomarki.

Karatun injiniya shekara biyar ne a takarda, namu ya doshi bakwai. Annobar korona da dogon yajin aiki sun cinye kusan dukkan 2020, sannan a 2022 aka sake rufe jami'o'i daga Fabrairu zuwa Oktoba. A waɗannan watannin ne na bi Baba wurin aiki a matsayin lebura, ina ɗaukar kwano ina tura baro, wasu suna yi mini dariya wai ga injiniya da gammo. Ina gode wa abokan aikinsa, kafintoci da masu ɗaurin rodi, da suka koya mini abin da zanen takarda ba ya faɗa, kamar yadda ake tokare katakon dekin don kada ya buɗe in an zuba kankare, da yadda rodi huɗu da suka zauna lafiya a zane suke cunkushewa a mahaɗar bim da ginshiƙi har tsakuwa ta kasa wucewa.

Ina gode wa malamanmu na sashe baki ɗaya, masu sauƙi da masu tsanani, har da wanda ya ba ni kariyoba a darasin nazarin tsarin gini, domin na cancance ta, kuma maimaitawar ce ta sa na fahimci darasin. Godiya ta musamman ga Malamin da ya duba aikin bincikena na shekarar ƙarshe, wanda na yi a kan ƙarfafa jar ƙasar da ake shimfiɗa wa hanya ta hanyar gauraya ta da siminti kaɗan da tokar ɓuntun shinkafa, abin da masu casa suke tarawa tsibi-tsibi su rasa yadda za su yi da shi. Sai dai akwai mutumin da ba a cika ambatarsa a irin wannan saƙo ba, wato dattijon ma'aikacin ɗakin gwajin ƙasa. Shi ne ya kama hannuna ya nuna mini yadda ake murza ƙasa a kan gilashi har ta zama zare mai kaurin milimita 3 ta fara tsagewa, shi ne ya koya mini sakin madaɓi mai nauyin kilo 2.5 ya faɗi da kansa ba tare da na ƙara masa ƙarfi ba. Wata rana na sa samfura goma sha biyu a tanda su kwana su bushe, da safe na tarar na manta ban rubuta lambobi a jikin gwangwanayen ba, aikin mako guda ya tashi a banza. Ina tsaye kamar in yi kuka, ya zo ya duba, ya ce, "Yaro, gara ka ɓata gwangwani yau da ka ɓata hanya gobe," ya ɗauko alli ya miƙo mini, ya kuma buɗe mini ɗakin ranar Asabar, ranar hutunsa, har na rama. Dattijo, Allah ya biya ka.

Haka kuma ina gode wa kamfanin da ya karɓe ni na yi SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, na wata shida a aji huɗu, inda ake gina kwalbatoci a wata hanyar karkara, da injiniyan wurin da ya ba ni amanar ɗibar kankare a zuba a ƙananan akwatuna masu faɗin milimita 150, a jiƙa su a ruwa, a fasa wasu a kwana 7 wasu a kwana 28 don a san ƙarfinsu. A can na ga da idona abin da ƙarin ruwa yake yi: ranar da rana ta yi zafi aka ƙara bokiti biyu don kwaɓin ya yi saurin malala, samfuran ranar su ne suka fashe tun kafin allurar injin ta kai inda ake so. Foman ɗin wurin, wanda ya girmi mahaifina, shi ya koya mini kada in bari a zuba kankare sai na tsuguna na tabbatar an sa biskit, wato 'yan gutsattsarin kankare masu ɗaga rodi daga kan katako, a ƙarƙashin rodi, domin rodin da ya kwanta a kan katako ba tare da kankare ya lulluɓe shi ba, tsatsa ce za ta ci shi tun kwalbatin bai ga damina biyar ba.

Ina roƙon masu kirana Injiniya su ɗan dakata mini. A Najeriya wannan suna yana hannun hukumar COREN mai kula da aikin injiniya, wadda aka kafa da dokar soja ta 1970, kuma ba ta yi wa mutum rajista sai ya yi aƙalla shekara huɗu yana aiki a ƙarƙashin ƙwararru bayan digiri. Wanda ya tuna benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas a watan Nuwamban 2021, da rayukan da suka salwanta a ciki, zai gane cewa ba suna ne da ake gaggawar ɗauka ba. Yanzu dai hidimar ƙasa ce a gabana, ina kuma neman addu'arku Allah ya haɗa ni da wanda zan koyi aiki na gaskiya a hannunsa.

Ga yayata da mijinta da suka sauke ni a Zariya duk lokacin da na rasa ɗaki, ga abokan da muka raba dare a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, ga wanda ya ara mini kalkuleta ranar jarrabawa tawa ta mutu, ga makwabtan da suka riƙa cusa mini ɗari biyar a aljihu in zan koma, na gode, Allah ya bar zumunci. Abokinmu da muka fara tare tun Funtuwa Allah ya karɓi abinsa muna aji uku, Allah ya jiƙansa ya ba iyayensa haƙuri. Wanda na manta ban ambata ba ya yafe mini, wanda na saɓa wa a tsawon shekarun nan shi ma ya yafe.

Littattafaina na share fage, har da kundin tambayoyi ashirin-ashirin ɗin nan da jan biron Malam a jikinsu, na ba ƙanwata da take shirin neman fom ɗin Funtuwa. Inna kuma ta riga ta ba ni aikina na farko: bangon ɗakinta da ya tsage tun daminar bara. Ni na ce harsashin ne ya zauna saboda ruwan indararo da yake kwanciya a gindinsa, Baba ya ce linta ce ba a ɗaure da kyau ba, kuma mun yi alkawarin haƙa gefen bangon mu duba tare da zarar an gama girbi, in Allah ya kai mu.

Wassalamu alaikum.