Tarihin Rayuwata, Kashi Na 11: Kwando Nawa Ne Yau?

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya zo Legas neman kuɗin taki ya sauka a ɗakina a Agege. Niyyata in tsallake wurin in shiga labarin aurena, amma tun ranar Talata maganar da ya faɗa mini a wancan zuwan take ta yi mini kai-kawo a rai, ta hana ni sakat. Bari in sauke ta tukuna.

Shekarar 2009 ce. Muna zaune kan tabarma a ƙofar ɗaki bayan isha'i, an ɗauke wuta, janareton maƙwabta sai ruri yake yi. Na ce, "Kawu, akwai abin da yake damuna. Wani lokaci sai in ji na gaji da rayuwa, har zuciyata ta riƙa raya mini in kashe kaina." Shekara uku na yi ina tattara ƙarfin halin da zan furta wannan ga wani mahaluki, kuma shi na zaɓa don tun rasuwar Baba shi ne uba. Ya yi salati da ƙarfi. Ya ce raunin imani ne, kuma zaman Kurmi ya ɓata ni. Ya ce kul na ƙara gaya wa kowa, kada in ja wa gidanmu abin gori har a ƙi auren ƙannena. Sai ya rufe da cewa, "Kai yaro ne har yanzu. Ai ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba."

Da safe ya karɓi kuɗin takinsa, na raka shi tasha. Daga ranar zuwa yau bai taɓa waiwayar zancen ba. Duk sallah muna gaisawa, zai tambayi kasuwa, zai tambayi iyali, har kuɗin haya yakan tambaya ko an ƙara mana.

Na bi maganarsa, shekara goma sha ɗaya cur. A cikinsu na bar dako a kasuwar Mile 12, na sayi babur, na yi aure, aka haifa mini uku. Babu wani labari a wurin da ya wuce haka.

Masu tambayata me ya jawo mini tunanin nan, ku yi haƙuri, ba abu ɗaya ba ne. Ya fara zuwa ne a 2006, bayan an binne Baba ina kan hanya, ban tarar da ko jana'iza ba sai zaman makoki. Amma da rasuwar ce kaɗai, da ya tafi bayan sadakar arba'in ko bayan shekara. Bai tafi ba. Yakan zo ranar da babu ko sisi a aljihuna, yakan zo kuma ranar da na yi ciniki mai kyau. Ranar sunan ɗan farina, an yanka rago, mutane cike da layi ana ta barka, ina murmushi ina miƙa goro, shi kuwa yana nan a kunnena yana ce mini yaron nan da uwarsa za su fi samun sauƙi in babu ni. Wa zan gaya wa wannan a ranar suna? Na haɗiye. Ciki ai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

A 2020 ne cikin ya cika. Ranar 1 ga Fabrairu gwamnatin jiha ta hana acaba a wasu ƙananan hukumomi, har da Ikeja, inda a nan nake samun na cefane. Ban gama farfaɗowa ba, ƙarshen Maris aka kulle gari saboda korona. Na tura maman yara gida da yaran da zarar an buɗe hanya, na rage ni kaɗai a ɗaki. Barci ya ƙaurace mini. Abinci sai in ga dama. Sai na fara wasu abubuwa da a lokacin nake ganin kirki ne kawai: na biya ƙananan bashin da ake bi na, na ba wani yaro rediyona da sabuwar rigar sallata, na riƙa bin mutane ina neman gafara ba tare da na yi musu komai ba.

Baba Tela ne ya lura. Bakatsine ne, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, kekensa na ɗinki yana nan a baranda kusa da teburin mai shayinmu. Ba wata shaƙuwa ce tsakaninmu ba, gaisuwa ce da hirar siyasa. Daren da na je na ce ya yafe mini, bai ce "na yafe" ba. Ya ajiye kofinsa, ya kama hannuna ya ja ni bayan shago, ya dube ni ya ce, "Ƙanena, zan tambaye ka, kada ka yi mini ƙarya. Kana tunanin kashe kanka ne?"

Wallahi ƙafafuna sai da suka kasa ɗaukata. Na tsuguna a nan bakin kwata ina kuka kamar ƙaramin yaro. Jira nake ya yi salati irin na Kawu. Sai ya tsuguna shi ma ya ce, "Ni yau shekarata ashirin da wani abu tare da shi. Ga ni nan kuma ina ɗinki."

Daren nan a ɗakina ya kwana. Kafin ya kwanta ya ce duk abin da na san zuciyata ta taɓa nuna mini in cutar da kaina da shi, in ɗauko in ba shi ajiya. Na ba shi, ya kai shagonsa ya kulle. Bai yi mini wa'azi ba. Ya dafa mana shayi, ya yanka burodin Agege, ya tsare ni sai da na ci.

Daga baya likita ta gaya mini cewa tambayar mutum kai tsaye irin yadda Baba Tela ya yi ba ta sa masa tunanin a rai, sauƙi ma take kawo masa. Ni ba sai an gaya mini ba. Na ɗanɗana bambancin wanda ya tambaye ni da wanda ya ce in rufe baki.

Zuwa asibiti kuwa sai da aka yi daga da ni. Kowa a Legas ya san abin da ake nufi in an ce Yaba Left, da shi ake zagin mutum a cikin motar haya ta danfo. Asibitin gwamnatin tarayya ne na masu lalurar ƙwaƙwalwa, yana nan tun 1907. Na ce wa Baba Tela ni ba mahaukaci ba ne. Ya ciro katinsa daga aljihu ya nuna mini, ya ce, "To ni ne mahaukacin? Wa ya ɗinka maka rigar da ke jikinka?" Ga kuma tsoron hukuma, don mun sha jin cewa wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ɗauri ne hukuncinsa. Akwai gaskiya a ciki: sashe na 327 na dokar manyan laifuka da ake aiki da ita a Kudu ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya, ko da yake dokar Jihar Legas ta 2011 ta ce asibiti kotu za ta tura mutum. Har yau raina yana ɓaci in na tuna wannan sashe. Mutumin da ya kai wannan hali, kurkuku ne maganinsa? Amma wanda ya je da ƙafarsa ya ce wa likita ga abin da ke ransa, ba laifi ya yi ba. Ni dai tambayoyi aka yi mini, aka ce ciwon damuwa ne mai tsanani, aka ba ni magani, aka ce kada in yi tsammanin ganin canji a kwana biyu, yakan ɗauki makonni, kuma kada in daina sha da kaina ranar da na ji sauƙi. Barci ya fara dawowa wajen mako na huɗu.

Kada wani ya ɗauka magani ya kore shi gaba ɗaya. Ya rage masa murya ne. Abin da ya riƙe ni tsakanin ganin likita da ganin likita shi ne teburin nan.

Mu huɗu ne yanzu. Baba Tela, ni, wani Babarbare mai gadi a Ogba, da wani matashi mai gyaran waya a Computer Village wanda mu duka muke ce wa Auta. Ba ƙungiya ba ce, ba mu da suna, ba mu da shugaba ko kuɗin wata. Duk daren Alhamis muna haɗuwa, sauran ranaku kuma waya. Tambayarmu ɗaya ce, kuma ina alfahari ni na kawo ta daga zamanin dako. A Mile 12 in motar tumatir ta iso daga Arewa, babu ɗan dakon da yake ɗora wa kansa babban kwando shi kaɗai, kuma babu mai sauke wa kansa. Sai ka ce "taya ni". Don haka a teburin mai shayi, a gaban kowa, sai ɗayanmu ya ce, "Kwando nawa ne yau?" Masu shan shayi su ɗauka zancen kasuwa muke yi.

Ɗaya, yana nan amma ina aikina. Biyu, ya matsa, a kira ni da dare. Uku, ba zan kwana ni kaɗai ba. Huɗu kuwa babu shawara, babu jiran Alhamis, babu wai a rufa asiri: asibiti za a tafi a daren, ko a kira lambar gaggawa ta 112. Wannan sharaɗin Baba Tela ne ya kafa shi, ya ce mu ba likitoci ba ne, kada son juna ya sa mu riƙe abin da ya fi ƙarfinmu. Auta kuma ya sa mana lambar SURPIN a wayoyinmu, masu aikin hana kisan kai da suka fara a asibitin koyarwa na Idi-Araba a 2017, har da layin masu jin Hausa. Shi ne ma ya karanto mana a waya a Janairun 2023 cewa Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Babarbaren nan har tafi ya yi.

Na manta ban gaya muku zancen liman ba, kuma ya riga wannan. Watanni kaɗan bayan daren bakin kwata, na je wurin limamin masallacin layinmu da zuciyata tana dukan uku-uku, don maganar raunin imani ta fi komai cin raina. Na san haramun ne, tun ina makarantar allo na sani, kuma sanin bai hana tunanin zuwa ba. Malam ya saurare ni har na gama. Ya ce abin da zuciya ta raya ba a kama bawa da shi matuƙar bai aikata ba, kuma yaƙin da nake yi da shi kullum lada ne. Ya koya mini addu'ar da Annabi (SAW) ya koyar ga wanda wahala ta kai shi ga burin mutuwa: ya roƙi Allah Ya raya shi matuƙar rayuwa ce mafi alheri gare shi. Sannan ya ce in ci gaba da shan maganina. Shi da Kawu littafi ɗaya suka karanta. Da Kawu ya faɗa mini rabin wannan a 2009, da shekarun nan goma sha ɗaya ba haka suka tafi ba. Ina ƙoƙarin yafe masa, ban kai ba tukuna.

Maman yara sai a 2021 na gaya mata. Ta yi kuka, ta ce tun shekarar farko ta san akwai abin da nake ɓoyewa, ita zatonta wata ce a waje. Yanzu maganin a hannunta yake, ita take ba ni. Inna kuwa har yanzu ba ta sani ba, kuma a kan wannan ba mu daidaita da Baba Tela ba.

Ranar Talatar nan da na ce muku, Kawu ne ya kira. Damina ta kusa, taki ya yi tsada. Muka gaisa, ya tambayi kasuwa, ya tambayi iyali. Maganar ta zo har bakina, in ce masa cikin da ya ce in zuba a ciki ya kusa kai ni kabari. Na ce masa zan turo abin da ya sawwaƙa ranar Juma'a. Da na ajiye wayar hannuna yana rawa, ban jira Alhamis ba, na sa takalmi na fita. Baba Tela yana naɗe wani yadi, ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Nawa?" Na ce biyu. Ya ce, "Ƙanena." Na ce uku. Ya kira Auta ya ce ya taho da tabarmarsa in ya tashi daga aiki.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan koma kan labarin auren.