Kafin ki sayi Clomid a kemis, tsaya ki ji aikin da yake yi

'Yan uwa mata, akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Yarinya ta yi aure ko shekara ba ta cika ba, uwar miji ta fara tambaya, ƙawa ta ce ai wance Clomid ta sha ta haifi tagwaye, shikenan sai a aika yaro kemis da takarda a siyo, ta yi ta sha wata bayan wata babu awo babu sikanin, babu wanda ya tambaya me ma ya hana cikin shiga. Wallahi abin yana min ciwo, domin maganin mai kyau ne, amma matsala guda ɗaya aka yi shi dominta.

Kin ga, ƙwaƙwalwa ce take ba da umarni. Akwai wata 'yar tsoka a ƙasan ƙwaƙwalwa da take sakin sinadarai biyu, FSH da LH, na farko shi yake raino ƙwai a ma'ajiyarsa har ya nuna, na biyu kuma shi yake sa ya fashe ya fito wajen tsakiyar wata. Ƙwan yana girma yana sakin sinadarin estrogen, bayan ya fita sai wani sinadarin, progesterone, ya karɓi aiki ya shimfiɗa cikin mahaifa ko ciki zai shiga, in bai shiga ba sinadarin ya sauka, shimfiɗar ta zube, ita ce al'adar da muke gani.

To Clomid, wanda asalin sunansa clomiphene, toshe wa ƙwaƙwalwa ido yake yi ta daina ganin estrogen ɗin da ke jiki, sai ta ɗauka ya yi ƙasa ta ƙara turo FSH, ƙwai ya tashi. Shi ya sa kwana 5 kawai ake shansa a farkon wata, kuma shi ya sa ake samun tagwaye wani lokaci don ƙwai fiye da ɗaya kan nuna. Amfaninsa ga macen da ba ta sakin ƙwai ne, kamar masu ciwon rikicewar sinadaran jiki da ake kira PCOS, waɗanda al'adarsu ke tsallake wata biyu uku, ga ƙuraje ga gashi a haɓa. Su ma ɗin yanzu likitoci da yawa letrozole suke fara ba su, maganin da asali na sankarar mama ne, don ya fi ba da sakamako a wannan ciwon, wasu a haɗa musu da metformin na ciwon suga.

Amma in hanyar ƙwai ce ta toshe saboda ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da wuri ba, ko kuma maniyyin maigida ne ya yi ƙaranci, shan Clomid kamar hura wuta ne babu tukunya a kan murhu. Likitoci ma yawanci ba sa wuce zagaye 6 da shi, kuma yana iya kumbura ma'ajiyar ƙwai, ya sa jin zafi a jiki ko gani ya yi dishi-dishi, in kin ga haka ki tsaya ki koma asibiti. Sannan dan Allah maigida ya je a gwada shi, gwajinsa ya fi na mace sauƙi da arha nesa ba kusa ba, ba zan gaji da faɗin wannan ba, don na ga matan da aka yi ta kira juya ana yi musu gori shekara da shekaru alhali lafiyarsu ƙalau.

Wata kuma ruwan nono take gani ba ta shayarwa, al'ada ta ɗauke, wannan sinadarin prolactin ne ya yi yawa, maganinsa daban ne, bromocriptine ko cabergoline, kuma gwajin jini ne yake nunawa.

Sai Primolut N da ake rububi gab da azumi da aikin Hajji. Shi ɗan uwan progesterone ne, yana riƙe shimfiɗar mahaifa kar ta zube, ana fara shi kwana 3 kafin ranar da kike sa ran jini, kin daina da kwana biyu uku jinin ya zo. Ki sani ba maganin hana ɗaukar ciki ba ne a yadda ake shansa ɗin nan, kuma wadda ta taɓa samun daskarewar jini a jijiya ko ciwon hanta bai kamata ta sha da kanta ba, ballantana ga doguwar tafiyar jirgi zuwa Saudiyya.

Na tazarar haihuwa su ma wannan hanyar suke bi, su hana ƙwai fita su kuma kauri ruwan bakin mahaifa. Allurar Depo wata 3 take yi, ashanar hannu ta Implanon shekara 3, Jadelle shekara 5. Ba sa kashe mahaifa kamar yadda ake yaɗawa, sai dai gaskiya bayan an daina allurar ciki na iya jinkiri har kusan shekara, ita kuwa ashana ana cirewa jiki yake komawa da wuri, ya kamata ma'aikatan lafiya su riƙa faɗa wa mata wannan tun kafin a yi musu, musamman wadda take so ta sake haihuwa nan kusa. Postinor kuma, maganin gaggawa da ake sha cikin awa 72 bayan saduwa, jinkirta fitar ƙwai yake yi, ba ya zubar da cikin da ya riga ya shiga.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne oxytocin, allurar naƙuda. Matse mahaifa yake yi, bayan haihuwa shi yake tsayar da jini ya ceci rai, shi da misoprostol, har Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero a Kano tana cikin waɗanda suka yi babban binciken E-MOTIVE da ya fito a 2023, aka nuna in an auna jinin da wuri aka haɗa magunguna lokaci guda zubar jini mai tsanani na raguwa da kashi 60 cikin ɗari. Amma a yi wa mace allurar a gida jariri yana ciki, wai don naƙuda ta yi sauri, babu mai auna bugun zuciyar ɗan, babu ɗakin tiyata kusa, haka mahaifa take fashewa a rasa uwa da ɗa. Kuma allurar sanyi take so, a firiji ake ajiye ta, wadda ta kwana a kan kantar kemis cikin zafin watan Afrilu ƙarfinta ya riga ya ragu, ranar da jini ya ɓalle ake buƙatarta da gaske sai ta ƙi aiki.