Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Ɗan Jos

Makon jiya mun tsaya a inda Baba ya sayar da gidanmu na unguwar Nasarawa Gwom a Jos bayan rikicin Janairun 2010. Na 2001 da na 2008 duk ya daure, wannan karon ya ce ya isa. Shekarata goma sha biyu muka bi ta Bauchi da Ningi, muka sauka ƙauyen kakanninmu a ƙasar Birnin Kudu, inda kakana ya baro zamanin Turawa ya tafi haƙar kuza.

Tun a mota Baba ke cewa, "Gida za mu." Ni kuwa gidan da na sani yana bayana: sanyin asuba mai sa haƙora kaɗawa, da maƙwabciyarmu Berom da ke aiko mana shinkafar Kirsimeti, mu aika mata naman layya.

Rannan Baffa ya miƙo min fartanya. Kafin hantsi tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe. 'Ya'yansa na dariya, "Ɗan Jos ya gaji!" Sunan ya bi ni har makarantar allo. Ba dariyar ce ta ƙona min rai ba. A can ana ce mana baƙi, alhali a Jos aka binne cibiyar Baba, takardar shaidar zama ɗan asalin garin ma ta gagare mu. Ga shi nan ma an mayar da ni baƙo.

Da dare Inna, kakata, ta kira ni ɗakinta. Ta haska fitilar ƙwai, ta shafa min man kaɗe a hannu.

"Maigidana, me aka yi maka?"

Na ce, "Inna, ni ɗan ina ne?"

Ba ta amsa ba. Washegari ta ja ni bayan rumbuna, ta nuna min wata tsamiya. "Kakanka ya dasa ta kafin ya tafi. Kai za ka riƙa kaɗo min ita."

Shekara bakwai ina hawan tsamiyar nan kowane rani, har reshen da nake zama a kai ya yi santsi. Sai 2017 na sake taka Jos. Na faɗa wa mai keke layinmu, ya dubi hulata, ya ce iyakarsa bakin titi. Na sauka na tsaya da jakata a hannu, ina hango rufin gidanmu an sake masa sabon kwano.

Mako mai zuwa zan faɗa muku wanda ya fito daga layin ya kira ni da sunan yarinta.