Layin da ya kusa yaudarata

Talata, da dare.

Yau saura ƙiris in yi abin kunya a gaban Malama, kuma da bakina na so in jawo wa kaina.

Makonni shida ke nan ina jiran wannan sakamakon. Mun aura shinkafa iri biyu ta fuska biyu: a rukuni na farko iri na ɗaya ne uwa, na biyu ya ba da garin fure, a ɗaya rukunin kuma muka juya su. Aikina shi ne in ciro DNA daga ganyen 'ya'yan in duba mitokondiriyar wa suka ɗauko, wato ƙananan sassan da ke samar wa ƙwayar halitta ƙarfi, masu ɗauke da nasu DNA daban. Amsar ba ɓoyayya ba ce, ta uwa ce. A shinkafa ƙwan uwa ne ke zuwa da ruwan ƙwayar halitta da duk abin da ke cikinsa, uba kuwa kuromosom 12 ɗinsa kawai yake miƙawa ya koma gefe. Tabbatarwa aka sa ni, ba bincike ba.

Da hantsi na ɗora jel ɗin, wanda ke raba guntayen DNA layi-layi bisa tsawonsu, a kan fitila. Layin uwa ya fito ɓaro-ɓaro a duk tsirrai 24 na rukunin farko. Amma a ƙarƙashinsa ga wani siririn layi, dishi-dishi, daidai inda na uba yake tsayawa. Gabana ya faɗi, na daɗi. Kafin in kai ƙofar ofishin Malama har na raɗa wa takardar da zan rubuta suna a zuciyata: mitokondiriyar uba ta ratso cikin 'ya'ya!

Na ce, "Ranki ya daɗe, ina jin mun ga wani abu."

Ta karɓi hoton, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "A tsiro nawa ya fito?" Na ce duka. "Kuma kaurinsa ɗaya a duka?" Na ce ɗaya. Ta ajiye hoton ta ce, "To ɗana, abin da ya sato hanya ba ya shiga kowane gida daidai wa daida. Je ka gwada furaimominka da jerin DNA na cibiyar ƙwayar halitta, ka dawo."

Minti ashirin ya ɗauke ni a kwamfuta. Furaimomi su ne gajerun guntayen DNA da ke zaɓar wurin da za a ninka, kuma ashe guntun da nake ninkawa yana da kwafi a cikin kuromosom. Na san wannan a karatu, cewa tun zamanin da can guntayen DNA na mitokondiriya suna ƙaura zuwa cibiyar ƙwayar halitta su zauna can kamar baƙin da suka manta hanyar gida, amma ban taɓa zaton zai same ni ba. Uba ya ba da layin, gaskiya ne, sai dai ta ƙofar gaba ya bayar, tare da sauran kuromosom ɗinsa. Malama ta ce jikoki ne za su raba gardama: idan a cibiya yake, zai rabu a tsakaninsu, kusan uku na da shi ɗaya babu. Mitokondiriya ba ta san wannan rabon ba, daga uwa sai uwa.

Da rana, ina jiran injin PCR mai ninka DNA ya gama zagayensa, na zauna ina tunanin yadda harkar shinkafa mai aure, wato irin da ake samu daga haɗa iri biyu, ta ginu a kan wannan dokar da na so in karya da safe. Shinkafa kanta take yi wa barbara, furen ƙanana ne, ba mai iya bin gona yana cire mazan fure ɗaya bayan ɗaya don ya samu irin sayarwa. Mafita ta zo a 1970, lokacin da Li Bihu, mataimakin masanin shinkafa Yuan Longping, ya ci karo da wata shinkafar daji a tsibirin Hainan na ƙasar Sin wadda garin furenta ya mutu. Rashin haihuwar a mitokondiriyarta yake, don haka yana bin uwa duk inda ta je. Daga nan aka gina tsarin layi uku: uwar da ba ta da garin fure, ɗan'uwanta mai cibiya iri ɗaya amma lafiyayyar mitokondiriya wanda ke riƙe zuriyarta, sai uban da ke ɗauke da ƙwayoyin gado masu dawo da haihuwa, irin su Rf3 da Rf4. A 1976 manoman Sin suka fara shuka irin a manyan gonaki. Abin da ke ba ni mamaki, sai a 2013 aka bayyana ainihin mai laifin, wato ƙwayar gadon mitokondiriya mai suna WA352, wanda ke sa ƙwayoyin da ke ciyar da garin fure su mutu kafin lokacinsu. Kusan shekara arba'in ana cin moriyar abu ba a san fuskarsa ba.

Shi WA352 ɗin ma ba ƙwayar gado ce ta asali ba, haɗe-haɗe ne, guntu daga nan guntu daga can. A nan ne mitokondiriyar tsiro ta sha bamban da tamu. DNA ɗin ta ɗan Adam harufa 16,569 ne, a tsuke, ba wurin wasa. Ta shinkafar Nipponbare, da aka karanta a 2002, ta kai kusan harufa 490,000, cike da wuraren da suka maimaita kansu. Haruffan ba sa saurin canzawa, amma tsarin jerin ba ya zama wuri ɗaya: inda aka samu maimaici biyu sai su haɗe, jerin ya juye ko ya rabu, wani lokaci a haifi sabuwar ƙwayar gado da ba ta taɓa wanzuwa ba. Haka orf79 ya samu, mai kashe garin fure a wani nau'in rashin haihuwa da ake kira BT, wanda ya fito daga irin shinkafa Chinsurah Boro II. Kuma a tsiro ɗaya ana iya samun tsari fiye da ɗaya, wani da yawa wani kaɗan ƙwarai, har wata rana na kaɗan ɗin ya rinjaya. Saboda haka "ta uwa ce" ba ya nufin "ba ta canzawa". Wannan ne ya kamata in zuba wa ido, ba mafarkin uba ba.

Wani abu da na lura da shi yau kawai: a shekarar da aka tsinci shinkafar Hainan, a ita ce cutar ƙunar ganye ta afka wa masarar Amurka, domin mafi yawan irinsu mai aure uwa ɗaya gare shi ta fuskar mitokondiriya, wadda ake kira ta Teksas, kuma cutar ita ta fi kamawa. Sunayen iri daban-daban a buhu, uwa ɗaya a ciki. Shinkafa mai aure ta layi uku ma galibinta a kan wannan uwar ta Hainan take tsaye. Na faɗa wa abokin aikina haka, ya ce ai shi ya sa ake neman wasu uwayen kamar wadda ake kira Honglian, ake kuma tsarin layi biyu da bai dogara da mitokondiriya ba. Gaskiyarsa, amma hankalina bai kwanta duka ba.

Kafin in tashi na zana sababbin furaimomi daga wurin da ba shi da kwafi a cibiya, na duba su sau biyu, na tura wa Malama. Ta amsa da kalma ɗaya: "Madalla." Hoton jel ɗin kuwa na manna shi a littafina, na rubuta kwanan wata a ƙasa. Gobe da sassafe zan rufe zangarniyar tsirrai shida da jakar takarda don a samu jikokin.