Tsohuwa Kniertje da Innarmu

Malamar da ke koya mana yaren Holan ta ce yau ba karatu, fim za mu kalla. Op Hoop van Zegen, na 1934, shekarar da manyan finafinan ƙasar suka fara magana. Baƙi da fari ne, sautin sai ƙara, rabin zancen ma bai shiga kunnena ba. Amma labarin ba ya neman tafinta. Kniertje matar masunci ce, teku ya riga ya cinye mata miji, talauci kuma ya sa ta tura sauran 'ya'yanta biyu cikin ruɓaɓɓen jirgi. Mai jirgin ya san ruɓaɓɓe ne, amma ya yi masa inshora. Ƙaramin, Barend, yana roƙo a bar shi a gida, uwar ta matsa masa. Ba wanda ya dawo.

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba.

Da aka kunna fitila, sai malamar ta dafa kafaɗata a gaban kowa, ta tambaye ni cikin tausayi wai ko na tuna kwale-kwalen da ya kawo ni. Wane kwale-kwale? Ni da na hau jirgin sama da bizata a hannu, nake aikin lodi a sito, nake biyan haraji! Har yau abin yana ci mini rai. Ita ce fa ta ba mu labarin yadda a Yulin 1934 talakawan unguwar Jordaan a Amsterdam suka yi bore don an rage kuɗin tallafin marasa aiki, har aka rasa rayuka. Ashe kakanninsu ma sun ɗanɗani babu. Duk da haka baƙar fata ba zai yi kuka ba sai don kwale-kwale.

Inna na gani a fuskar tsohuwar nan. Ita ta sayar da gonar gadonta na taho, yanzu kuma ƙanina ya ɗaga hankalin gida, wai zai bi ta Agadas. Daren na kira ta.

"Inna, don girman Allah kada ki sa masa albarka a tafiyar nan."

Ta ce, "To ɗan nan, zaman me zai yi? Kai ma ai hana ka aka yi."

Na ce zan ƙara abin da nake aikowa, a saya masa Keke Napep ko da na hannu ne. Kuɗin hayar ɗakina na wannan wata ma ban gama haɗawa ba.